Muryar Farfesa Pei

Hangzhou, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Salimai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Ki gaishe mini da Liman, ki ce masa ɗalibin nan nasa da ya rantse ba zai zama komai ba yanzu yana da kujera mai juyawa, har da abin ɗora wuya.

Kar ki yi dariya, da gaske nake. Ƙaninki Ersa, wanda bai wuce makarantar masallaci ba, yau shi ne ɗaya daga cikin mutum biyar na hukumar gudanarwar kamfanin Yaya Nuha. Kin san an kawo ni nan ne don in kula da ɗakin cin abincin ma'aikata, in tabbatar ba a zuba wa Yaya man alade a taliya ba. To, ashe kundin ka'idojin kamfani ya ba wanda ya kafa shi kujera biyu, kuma abokin da ke kan ta biyun ya kwashe kayansa ya koma wurin abokan gasa. Yaya ya duba duk garin nan bai ga wanda ba za a iya saye ba sai ni, wai don ba wanda zai yi zaton ina da farashi. Har hatimin kamfani a hannuna yake, jan nan mai tauraro a tsakiya, wanda in bai hau takarda ba, kowa ma ya sa hannu aikin banza ne. Makullin akwatinsa yana wuyana, da shi nake wanka.

Aikin ba wuya. In Yaya ya ɗaga hannu in ɗaga, in ya sauke in sauke. Mutum biyu na masu jari ne, ɗaya dogo siriri, ɗaya gajere mai faɗi, na sa musu Tsinke da Kwano. Na biyar ɗinmu Farfesa Pei, tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu, shi ya koyar da Yaya a jami'a. Ba shi da ko kwabo a kamfanin. Lokacin da ake kafawa, Yaya da hannunsa ya rubuta cewa duk abin da zai iya cutar da jama'a ba zai wuce ba sai Farfesa ya ce ya yarda, ko da mu huɗun mun haɗa baki. A lokacin ya ga abin burgewa ne. Yanzu ga shi ya tsaya masa a wuya.

Abin da ake rigima a kai shi ne injin nan namu mai hira da tsofaffi, wanda suke kira ƙirƙirarriyar basira. Kin gan shi a wayar Goggo, yana tuna mata lokacin shan magani. Yaya yana so a buɗe shi yadda kowa zai aiko da muryar wanda ya ga dama, ɗa ko miji ko mamaci, injin ya riƙa magana da ita. Farfesa ya ce ba a ɗaukar muryar mutum sai da izininsa, mamaci kuwa ba ya ba da izini, kuma 'yan damfara za su riƙa kiran tsofaffi da muryar 'ya'yansu. Sau uku ana zama, sau uku yana yin tarinsa guda biyu, ya ce “Wenhai, Wenhai,” ya girgiza kai. Nan kowa da sunan makaranta yake kiran Yaya, in na ce Nuha sai a waiwaya a ga wa nake nufi.

Tarin nan na ƙware a kansa. Jiya na yi shi a bayan Rao Min, shugabar sashen muryoyi, tana cikin shan romo, sai da ta miƙe tsaye da cokali a hannu. Ita ma ra'ayin Farfesa gare ta, amma mace ce mai son dariya. Tana da 'ya ɗaya 'yar shekara shida da take riƙo ita kaɗai, ran Asabar takan zo da ita ta cika mana allon taro da zanen kifi.

Wanda na kasa sa wa dariya Yaya ne. Wata biyu ban ga haƙorinsa ba. Ya rame, Yaya Salimai, abin wuyan rigarsa har yawo yake yi.

Na rubuto da ajaminmu ne don duk abin da aka tura ta wayar kamfani injin yana karantawa. Na gwada shi da rubutun hannuna ya ce zanen tsutsotsi ne, ni kuma na ce Liman ya riga ka faɗa.

Ki aiko mini da busasshiyar magarya, ta nan ba ta da zaƙi. Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki mai kujera,
Ersa


Linxia, 13 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, muna lafiya, muna yi muku addu'a. Liman ya amsa gaisuwa, ya ce har yanzu bai sauya ra'ayi ba.

Na karanta sau biyu, ban yi dariya ko sau ɗaya ba, don haka kar ka damu. Ban san aikin hukuma ba, amma na san wanda aka rataya wa makulli a wuya an ba shi amana. Ka riƙa karanta takarda kafin ka buga mata abin nan, in kalmomin sun fi ƙarfinka ka sa a karanta maka.

Ka bar kwaikwayon tsohon mutane. Ko ka manta azumin da ka hau katanga ka kira sallah da muryar ladan, rabin unguwa suka sha ruwa rana ba ta faɗi ba? Kai ka sha dariya, mu muka bi gida gida muna ba da haƙuri, mutum arba'in suka rama azumi. Ba ka da mugunta, na sani. Sai dai ba ka tsayawa ka ga inda wasanka zai sauka.

Nuha yana kira duk Juma'a, minti biyu, ya ce komai lafiya. Tun yana yaro haka yake, in abu ya dame shi sai ya ce komai lafiya. Ka tabbatar yana cin abinci. Shi ya ɗauki gidan nan a kansa tun rasuwar Baba yana ɗan shekara ashirin, ba na so in ji an ce ya faɗi.

Na ba direban motar kaya magarya da ganyen shayi da soyayyen naman rago. Naman na Nuha ne, na san ka.

Allah ya tsare ku. Ka gaishe da kowa ba na cewa, don ban san kowa a can ba.

Yayarku,
Salimai


Hangzhou, 22 ga Maris

Yaya Salimai,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida yara. Saƙo ya iso, na gode, naman ma na kai masa rabi.

Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Na sake hawa katanga.

Ranar Talata aka kira zama na huɗu a kan maganar muryoyin. Farfesa yana asibiti a Shanghai, za a cire masa yanar ido, ya ce in likita ya bari zai shigo ta waya. Ƙarfe goma muka zauna. Minti ashirin muna jiran kiransa, Tsinke yana ƙwanƙwasa tebur da biro, Kwano yana hura shayi, Yaya ya zuba wa wayar da ke tsakiyar tebur ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na dube shi na ji tausayi ya kama ni. Na ce a raina yau ko da tsiya sai ya yi dariya.

Na ce zan zaga. A hanya na ga ɗakin sashen muryoyi a buɗe ba kowa, su Rao Min suna nasu taron a bene na ƙasa. Ga waya a kan tebur, ga lambar shigar Farfesa a takardar da ke aljihuna, don duk takardun zama ta hannun mai hatimi suke bi. Na buga. Na yi tari biyu, na ce, “Wenhai, Wenhai. Na tsufa, ido ma ya ƙi. Na yarda. Ku yi abinku, ku bar ni in sha shayina.” Na ajiye.

Wallahi niyyata in shiga ɗakin da muryar a bakina in tambaye su ko an kawo wa Farfesa shayin, a yi dariya, Yaya ya jefe ni da biro, a ci gaba da jira. Ina tura ƙofa na tarar Kwano yana tafi, Tsinke ya miƙe yana girgiza hannun Yaya, sakatare kuma ya riga ya rubuta cewa ƙarfe goma da minti ashirin da uku Farfesa Pei ya amince ta waya.

Yaya ya ɗago ya dube ni. Kin san kallon nan da yake yi mini in na ɓoye takalmin baƙo. Ya gane, Yaya Salimai. A duk duniya shi ne mutumin da ba zan iya ruɗa da murya ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya turo mini takardar a hankali ya ce, “Ersa, hatimi.”

Kin ce in riƙa karantawa kafin in buga. Na karanta, kowace kalma na gane ta. Na ciro makulli daga wuyana, na buɗe akwati, na buga.

Bayan an tashi ya shige ofishinsa ya rufe. Ni kuma na sauka ɗakin abinci na tsaya kan mai ja taliya, kukun da ke miƙa kullu da hannu, ina gyara masa abin da ya fi ni iyawa, har ya ce in ba ni da lafiya in tafi gida. Ina ta gaya wa kaina Farfesa zai dawo ya ce ba shi ba ne, a soke takardar, a ce waya ce ta haɗu da wata, magana ta wuce. Ai haka za a yi, ko?

Kar ki kira Yaya a kan wannan. Ki yi mini addu'a kawai, faɗan ki ajiye sai na zo.

Naki,
Ersa


Hangzhou, 6 ga Afrilu

Yaya Salimai,

Sallama da gaisuwa. Mako biyu ban ga amsarki ba. Na san shirunki, ya fi bulalar Liman zafi.

Magana ba ta wuce ba. Farfesa ya dawo da baƙin tabarau, ya ce a lokacin da aka ce ya yi magana yana kwance likita na kan idonsa. Tsinke ya fara cewa wataƙila maganin barci ne ya sa ya kira ya manta, tsufa ai ba laifi ba ne. Washegari tsohon ya zo da takardar asibiti mai ɗauke da lokaci, ya ajiye masa a gaba.

Sai aka shiga bincike. Muna da injin da ke tantance muryar mutum da ta na'ura, Rao Min ce ma ta ƙera shi. Aka sa masa muryata ya saurara, ya ce wannan ta ɗan Adam ce, babu shakka. Ki ga inji mai gaskiya, shi kaɗai ne a ginin nan. Aka bi layin waya aka ga daga ɗakin sashen muryoyi kiran ya fito. Shi ke nan masu digiri suka haɗa lissafi: Rao Min ta ƙera wani sabon inji a ɓoye wanda ya fi mai tantancewar wayo. Dalili kuwa, ta taɓa cewa a gaban mutane wata rana za a yi da muryar ɗayanku, sannan ku gane. Wai ta yi ne don ta kunyata kamfani. Kwano har ya ja lauya gefe yana tambaya ko za a iya sayar da sabon injin.

Mutum dubu uku ke aiki a ginin nan, duk aikinsu koya wa ƙarfe kwaikwayon mutum, amma ba wanda ya tuna mutum ma yana da maƙogwaro. Ita kanta Rao Min da na razana a kan romo ba ta kawo ni a ranta ba, tana can tana neman wanda ya shiga na'urorinta.

An karɓe katinta na shiga, an dakatar da ita. Ran ashirin ga wata hukuma za ta zauna ta yanke ko a miƙa ta ga 'yan sanda. Ko ba a miƙa ta ba, wanda aka ce ya ƙirƙiri ƙuri'ar darakta ba zai sake samun aiki a wannan sana'a ba. Ita kuwa takardar tana nan daram, lauyoyi sun ce abin da ya sha hatimi ba ya faɗuwa sai hukuma ta soke shi da rinjaye, kuma kin san inda rinjayen yake.

Ranar da za ta tafi ta biyo ta ɗakin abinci da kwalin kayanta. Kowa ya sunkuyar da kai cikin kwano. Na zuba mata taliya na ƙara nama. Ta ce, “Ɗan'uwa Ersa, kai kaɗai ne ba ka kau da kai ba yau.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a bayan masallaci na tare Yaya a mota. Ya ce in yi haƙuri a wuce ran ashirin, ba zai bari a kai ta ga 'yan sanda ba, zai nema mata wani aiki a asirce. Ya ce in aka ji shugaban kamfani ya karɓi ƙuri'ar ƙarya yana sane, masu jari za su tsige shi kafin la'asar, su ɗora wanda ba ruwansa da tsofaffi, Farfesan ma su san yadda za su yi da shi. Ya ce, “Ban sa ka ba, Ersa.” Na ce, “Kiran ba ka sa ni ba. Hatimin fa?” Ya juya yana kallon ruwan sama a gilashi.

Sai ya tambaye ni ko na manta Inna. Bayan rasuwar Baba, da idonta ya tafi, ciwo ya kwantar da ita, ai shi ya ce in riƙa tsayawa bayan labule ina yi mata muryar Baba, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. In na ce “Ayishe, ki sha maganin,” sai ta sha ta yi barci. Shekara guda muna haka. Ya ce daga bayan labulen nan kamfanin ya fito, kuma akwai iyaye miliyoyi da ba su da Ersa a gida. Ba don kuɗi yake yi ba, ni shaida ne.

Yanzu ki gaya mini. In na yi shiru, matar da ba ta yi komai ba ta nutse da 'yarta. In na yi magana, na kayar da wanda ya ciyar da ni ya tufatar da ni. Dariya ma ta ƙaurace mini, jiya mai ja taliya ya zame ya faɗi da kullu a ka, ko murmushi ban yi ba.

Ki amsa, ko da zagi ne.

Ersa


Linxia, 12 ga Afrilu

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ban amsa ta farko ba don duk abin da na rubuta sai in ga bai kamata ya shiga ambulan ba.

Akwai maganar da na riƙe shekara goma sha uku, an ce kar in faɗa. Yau zan faɗa, Allah ya yafe mini.

Inna ta sani. Tun ranar farko ta san kai ne a bayan labule. Baba ya yi shekara talatin da ita bai taɓa kiran sunanta ba, a gaban mutane ko a ɗaki. “Ke, uwar yara,” haka yake cewa. Ku yara ne, ba ku lura ba, Nuha ya ce ka ce Ayishe, kai kuma ka ce. Da safe ina yi mata wanka ta kama hannuna tana dariya har da hawaye, ta ce muryar ta fita sak, amma tsohon nan ko a kabari ba zai kira sunanta ba. Na ce bari in hana ku. Ta ce, “Kar ki kunyata su. In na sha maganin na rufe ido, su ma suna samun barci.”

Ka ga ke nan ba ku kuka rarrashe ta ba, ita ta rarrashe ku. Ta san wanda ke magana, ta kuma yarda a yi. Ban san ko injin Nuha zai taimaki iyayen mutane ba, wataƙila ya taimaka, ni ba mai ilmi ba ce. Amma kar ya jingina shi da Inna a kan cewa ba ta sani ba.

Ka ce kar in kira shi. Na kira. Na gaya masa wannan kamar yadda na gaya maka, ban ambaci maganarku ta ofis ba. Ya kashe waya. Bayan kamar awa ɗaya ya sake kira, na ɗauka, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, muka zauna haka har shinkafata ta kama.

Ba zan ce maka yi kaza ba. Kai ke da kujera. Abin da na sani, ranar da ka sa mutane suka sha ruwa da rana, mu muka bi gidaje a madadinka don kana yaro. Yanzu shekararka ashirin da huɗu, kuma ban san ƙofar gidan matar nan ba.

Duk abin da ya faru, ɗakinka yana nan, nasa ma yana nan. Allah ya sa ku gama lafiya.

Yayarku,
Salimai


Hangzhou, 21 ga Afrilu

Yaya Salimai,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da kyau. Ki share mini ɗakin, kujera mai juyawa ta juya da ni.

Jiya aka zauna. Lauya ya karanta laifin Rao Min shafi huɗu, ita tana zaune a bakin ƙofa da jakarta a cinya. Da aka zo jefa ƙuri'a na ɗaga hannu kafin Yaya ya ɗaga, karo na farko tun da na hau kujerar. Sakatare ya ɗauka kuskure na yi, ya ce ba a fara ba tukuna. Na ce ba ƙuri'a ba ce, magana gare ni, ni na yi kiran nan.

Na zaci ɗakin zai kama da wuta. Tsinke dariya ya yi. Ya ce kirki abu ne mai kyau, amma in bar manya su yi aiki. Lauya ya tambaye ni cikin ladabi, kamar mai magana da marar lafiya, da wane inji na yi, wa ya koya mini sarrafa shi. Na ce da wanda uwata ta haife ni da shi. Ba wanda ya gane. Ki duba wahala, mutum ya zo tona kansa an ƙi karɓa don ba shi da digiri.

Sai na rufe ido na yi tari biyu, na maimaita maganar nan kalma bayan kalma har zuwa shayin. Farfesa yana kusa da ni, mamaki ya sa shi ma ya sarƙe ya yi nasa tarin, sakatare ya rasa wanne zai rubuta. Kwano ya ce wataƙila na ɓoye na'ura a riga. Na juya na yi masa muryar Tsinke yadda yake magana in matarsa ta kira shi ana tsakiyar taro, yana rantsuwa ya sha maganin hawan jini. Daga nan ba wanda ya sake tambayar inji.

Rao Min ba ta yi dariya ba. Ta dube ni kawai, kallon da ba zan so ki taɓa gani ba.

Farfesa ya cire tabarau, idon nan da aka yi wa aiki ja wur. Ya tambaya ko shugaban kamfani ya san muryar ƙaninsa ce lokacin da ya nemi hatimi. Na yi wuf na ce bai sani ba, ni na ruɗe shi kamar kowa, tsoro ne ya sa na buga na yi shiru. Tsohon bai ko dube ni ba. Ya ce, “Ba kai na tambaya ba, yaro. Wenhai, Wenhai.”

Yaya ya haɗa hannuwansa a kan tebur. Can ya ce a ba shi zuwa Litinin.

Sauran ba wuya. An soke takardar muryoyi, hannu biyar suka tashi, har na Yaya. An wanke Rao Min a rubuce. Na buga wa takardun biyu hatimi, na cire makullin daga wuyana na ajiye a gaban sakatare, na ce ga kujerarku. Tsinke ya so a kira mini 'yan sanda, Farfesa ya ce muryarsa ce aka sata, kuma bai kai ƙara ba. A bakin lif, na'urar hawa bene, na durƙusa na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe, tarin ma ya fita, sai dai shi bai taɓa cewa ya tsufa ba, in gyara wannan.

Rao Min kuwa na bi ta har tashar jirgin ƙasa. Na faɗi duk abin da ake faɗa. Ta ce wata guda 'yarta tana tambayarta ko za a kai ta kurkuku, kuma a cikin watan nan kullum ina da bakin faɗin gaskiya na ƙi. Ta ce ba ta yafe ba, wataƙila wata rana. Gaskiyarta ce.

Abin da ke ci mini rai, na wanke ƙarya ɗaya da wata ƙaryar. In Yaya ya bi bayana ran Litinin ya ce bai sani ba, kujerarsa ta tsira, ba mai iya ƙaryata shi sai ni, ni kuwa ba zan yi ba. In ya ce ya sani, shekara goma na aikinsa sun tafi. Wallahi ban san wanne nake roƙa masa ba. Na je ofishinsa sallama, sakatariyarsa ta ce ya ce ba ya ganin kowa. Na bar masa sauran magaryar a bakin ƙofa.

Jirgina gobe da hantsi. Ki gaya wa Liman ya ci gari, amma kar ya yi murna da yawa, ina dawowa sahun gaba.

Ƙaninki marar kujera,
Ersa


Hangzhou, 25 ga Afrilu

Ersa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa lafiya. Ka gaida Yaya Salimai da mutanen gida.

Na gaya musu na sani. Sun karɓi shugabancin, za a nemo wani daga waje. Farfesa ya roƙa a bar ni a ɗakin bincike, aka yarda, a ƙarƙashin Rao Min. Ita ba ta ce ta yarda ba tukuna.

Ba ka da hurumin yin ƙarya a madadina a gaban malamina. Na ji haushin wannan fiye da kiran. Ban huce ba, kuma ban san ko kai ka huce da ni ba.

Na ɗauki hutun mako biyu. Motata za ta iso tasha ran Alhamis da ƙarfe huɗu. Kayan da yawa, ka zo ka taya ni ɗauka.

Wassalam.

Yayanka,
Nuha